"In Kaya Ya Fita Ba Ya Dawowa": Haƙƙin Mai Sayen Kayan Ɗaki a Tsallaken Kogin Kaduna

Gabatarwa

Duk wanda ya haye gadar Kogin Kaduna ya nufi kudu, ya ratsa ta Barnawa ko Kakuri, ko kuwa ya miƙe hanyar Kaciya har Sabon Tasha, ba zai rasa ganin kujeru da gadaje jere a bakin titi ba, suna ta ƙyalli da sabon fenti. A bayan kowane jeri akwai rumfar kafinta, inda ƙarar zarto da guduma ba ta yankewa tun safe har magariba. A irin waɗannan rumfuna ne talaka kan zuba abin da ya daɗe yana tarawa, musamman idan aurar da 'ya ya taso masa. In an yi sa'a an ba shi rasit, sau da yawa akan tarar da wani ɗan rubutu da Turanci a can ƙasa, mai cewa kayan da aka sayar ba a karɓarsu kuma ba a mayar da kuɗi. In kuwa ba a ba shi ba, to, zai ji maganar da baki ranar da ya komo da kuka: in kaya ya fita ba ya dawowa.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a nuna cewa wannan magana ba ta da gindi, ko a dokar ƙasa, ko a addini, ko a al'adar kasuwar Bahaushe. Haƙƙin mai saye yana nan a rubuce. Abin da ya kashe shi kawai shi ne ba a san shi da harshen da ake yin cinikin ba, kuma wannan gyara ne da ya rataya a wuyan masu nazarin Hausa kafin kowa.

Yadda Abin Yake Faruwa

Kakuri da Makera unguwanni ne da masaƙu suka raya. Masaƙar farko, watau KTL, ta fara aiki a shekarar 1957, wasu suka biyo bayanta, mutane suka yi ta kwarara daga ko'ina cikin ƙasa domin neman aiki. A shekarar 2002 aka rufe ta, amma da yawa daga cikin ma'aikatanta suna nan zaune da iyalinsu, suna 'yan buge-buge. To, a ƙaddara wani dattijo ne daga cikinsu zai aurar da 'yarsa. Al'ada ta ɗora masa kayan ɗaki: gado da katifa, da kujeru, da sif na ajiye tufafi, da madubi. Ya yi adashi, ya sayar da abin da zai sayar, ya je wurin kafinta a ƙarshen damina ya ba da kafin alƙalami. Aka gama kaya, ya cika kuɗi, aka loda a akori-kura aka kai gida aka jingine. Bayan 'yan makonni aka yi biki, mata suka yi jere, kowa ya yaba.

Hunturu na kamawa sai gado ya fara ƙara, ƙofar sif ta karkace ta ƙi rufuwa, soson kujera ya lotse har mai zama yana jin katako. Amarya ta yi shiru don kunya, ango ya yi shiru don kada a ce ya raina kayan surukai. Da labari ya kai kunnen dattijo, sai ya taka har rumfa.

"Ɗana, gadon nan da ka yi mini ya buɗe, alhali ko shekara bai yi ba."

"Haba Baba, ai da idonka ka gani, ka ƙwanƙwasa, ka ce ya yi. Ka kuwa san ƙa'idar kasuwa, in kaya ya fita ba ya dawowa. Amma albarkacin girmanka, kawo kuɗin ƙusa da gam in turo yaro ya duba."

Dattijo ya ce Allah ya isa a zuci, ya juya. Nan maganar takan ƙare.

Ba ƙaddara ce ta buɗe gadon nan ba, akwai dalili. Katakon da aka tsaga sabo cike yake da ruwa, kuma ƙa'idar aiki ita ce a jera shi a inuwa inda iska ke ratsawa har ya bushe kafin a taɓa shi. Idan aka haɗa kaya da ɗanyen katako lokacin da iska ke da laima, sa'an nan busasshiyar iskar hunturu ta zo, sai katakon ya tsuke, mahaɗai su saki, falankai su lanƙwashe. Haka nan akwai bambanci mai nisa tsakanin itace mai ƙarfi irin maɗaci ko ƙawo da mai taushi irin malaina, amma da zarar an shafa fenti mai duhu ko an lulluɓe da yadi, sai gwani ne zai iya rarrabewa. Akwai kuma allon da ake yi da garin katako da gam, wanda yake da kyan gani, amma in ruwa ya shige shi sai ya kumbura ya ruɓuɓɓushe. Soso ma hawa-hawa ne. Duk waɗannan abubuwa kafinta ya san su tun ranar da ya sayo kayan aiki. Mai saye kuwa fenti da yadi kaɗai ya gani. Ke nan ko da kayan suna gabansa, cinikin biri a sama ya yi.

Abin da Dokar Ƙasa Ta Ce

Dokar ciniki da Turawa suka bar wa Nijeriya ta samo asali ne daga dokar sayar da kaya ta Ingila ta shekarar 1893, wadda ta taso a zamanin da ake cewa mai saye shi zai buɗe idonsa. Duk da haka, ko ita ba ta bar mai sayarwa sakaka ba, domin ta shardanta cewa kayan da ɗan kasuwa ya sayar bisa kwatance su kasance masu sayuwa. A shekarar 1992 gwamnatin soja ta kafa majalisar kare masu sayen kaya. Daga baya Majalisar Tarayya ta zartar da dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta shekarar 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a farkon shekarar 2019, aka kafa hukumar FCCPC a madadin waccan majalisa. Wannan doka ta game ƙasa baki ɗaya, kuma ba ta ware babban kanti daga rumfar bakin titi ba.

Sashe na 131 ya ba mai saye haƙƙin samun kaya masu inganci, marasa aibi, waɗanda suka dace da aikin da aka saba yi da irinsu, kuma za su jure amfani har wani lokaci da hankali zai ɗauka. Sashe na 132 ya ce a cikin wata 3 daga ranar da aka miƙa kaya, mai saye yana da ikon mayar da su idan sun kasa cika waɗancan sharuɗɗa, ba tare da an ci shi tara ba, kuma kuɗin ɗauko su a kan mai sayarwa yake. Shi kuwa mai sayarwa wajibi ne ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Sashe na 122 ya shafi wanda bai sami damar duba kaya ba kafin a kawo masa, alal misali wanda aka nuna wa hoto a wayar hannu aka kawo masa wani abu dabam: yana da ikon ƙin karɓa, a mayar masa da kuɗinsa cif. Sashe na 118 ya ɗora wa mai sayarwa ba da shaidar ciniki a rubuce. Sashe na 129 kuwa shi ne ya tsinke igiyar, domin ya hana a sanya wa ciniki duk wani sharaɗi da zai raba mai saye da haƙƙinsa na mayar da kaya masu aibi. Watau ɗan rubutun nan na ƙasan rasit ba ya ɗaure kowa.

Kada a zaci wannan magana ce ta takarda kawai. A shekarar 2022 Babbar Kotun Jihar Enugu ta yanke hukunci a ƙarar da wani fasinja ya kai wani kamfanin sufuri da ya ƙi mayar masa da kuɗin mota naira 500, bisa hujjar cewa su ba sa mayar da kuɗi. Kotu ta ce wannan ƙa'ida ta saɓa wa dokar 2018, ta kuma umarci kamfanin ya biya shi diyyar naira 500,000. Idan an yi haka a kan kuɗin mota, ina ga kayan ɗakin amarya?

Sai dai akwai tarko a cikin wa'adin nan na wata 3, kuma ya fi kama Bahaushe. Lissafi daga ranar karɓar kaya yake farawa, ba daga ranar jere ba. Mu'amalar aure kuwa ta gaji sayen kaya da wuri a ajiye, don gudun tashin farashi ko ɗaga biki. Wanda ya karɓi gado a watan Satumba, aka yi biki a Disamba, aibi ya bayyana a Janairu, ya riga ya fita daga wannan sauƙaƙƙiyar hanya, sai dai ya bi doguwa ta shari'a. Lalle wa'adin ya yi kaɗan ga kayan katako a ƙasar da aibinsu ba ya fitowa sai yanayi ya juya. A ƙasashen Tarayyar Turai shekara 2 doka ta ba mai saye. Ya kamata masu yin doka su sake duban wannan. Kafin nan, dabara ta rage ga mai saye: kada ya karɓi kaya sai biki ya matso, ko kuwa ya sa a rubuta masa lamunin da zai tsallake hunturu guda.

Abin da Addini da Al'ada Suka Ce

Wani zai ce ai wannan dokar Nasara ce, kasuwa kuwa tana da tata. To, a duba abin da ake karantawa a zaurukan malamai tun kafin zuwan Turawa. Ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa a cikin tarin ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tsawata masa a kan me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma barranta daga mai yin algus. Ɗanyen katakon da aka rufe da fenti ba shi da maraba da jiƙaƙƙen hatsin da aka binne a ƙasan tari.

Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya, ta hana ɓoye aibi a ciniki, ta kuma hana gauraya mummuna da kyakkyawa. Ƙa'idar malaman Malikiyya ita ce, wanda ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibin da bai sani ba, yana da zaɓi: ko ya riƙe, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Amma sun ƙara da cewa idan ya ga aibin ya aikata abin da ke nuna yarda, kamar ya ci gaba da mora ba tare da ya ce uffan ba, to, zaɓinsa ya faɗi. Ashe shirun kunya ba ya tsare wa mutum haƙƙi, ko a kotun majistare ko a gaban alƙali.

Akwai wata mas'ala a cikin Muhtasar na Shaihu Halilu da kafinta mai ɗan karatu zai iya kafa hujja da ita. An ce ba a mayar da kaya saboda aibin da ba a iya gane shi sai an fasa ko an tsaga, kuma misalin da aka bayar har da ƙwaron cikin itace. Amma a lura da dalilin hukuncin: mai sayar da gungumen da ba a tsaga ba, shi da mai saye duk ɗaya suke wajen rashin sani. Kafinta kuwa shi ya tsaga, shi ya goge, shi ya ga cikin katakon kafin ya rufe shi. Daɗin daɗawa, masu sharhi irin su Shaihu Dardiri sun bayyana cewa idan an shardanta mayarwa tun farko, sharaɗin ake bi. Ga wata hujja kuma ta a yi magana a fili, a rubuta, kafin a biya.

Ba Musulunci kaɗai ba, Littafin Karin Magana na cikin Littafi Mai Tsarki ya yi tir da ma'aunin zamba a wurare fiye da ɗaya. Wannan kuwa abin lura ne a tsallaken kogi, inda tun bayan rikicin shekarar 2000 akasarin mazauna Kirista ne, kuma ƙabilu iri-iri suke cuɗanya a kasuwa ɗaya. A kasuwar Bahaushe ta da, sanayya ce lamuni. Akwai dillali da ya ci la'ada wanda za a riƙe, akwai Sarkin Kasuwa, kowace sana'a kuma da sarkinta, sa'an nan mai sana'a ya san gidansu ba ɓoyayye ba ne. A birnin da mai saye da mai sayarwa ba su haɗa unguwa ko masallaci ko coci ba, wannan tsohon shinge ya faɗi. Abin da ya rage musu tare biyu ne: dokar ƙasa, da kuma harshen Hausa da suke yin ciniki da shi.

Kukan Kafinta

Adalci ya sa a saurari ɗaya ɓangaren. Kafinta zai ce katako da soso da yadi kullum tashi suke yi, ga wutar lantarki ba tabbas, ga mai saye yana son gadon sarauta da kuɗin tabarma. Zai ce shi ba shi da jarin da zai sayi katako ya jibge wata da watanni yana jiran ya bushe. Zai ce wasu kayan a mota ake karya su, wasu yara ne suke tsalle a kai, wasu kuma gara ce ta ɗakin mai su ta cinye. Duk wannan gaskiya ne, kuma doka ba ta ce a mayar da kaya don mutum ya ga na maƙwabta sun fi nasa ba, ko don ya lalata da hannunsa. Hausawa ma sun ce araha ba ta ado.

Amma araha dabam, yaudara dabam. Ba laifi ba ne a yi gadon malaina a sayar da shi da sunan malaina a kuɗin malaina. Laifin shi ne a kira shi maɗaci. Kafintan da ya ce wa dattijo, "Baba, kuɗin nan naka ga abin da za su iya yi, ga kuma iyakar ƙarkonsa," ya fita, kuma ya sami abokin ciniki na har abada, domin mai 'ya ɗaya yau shi ne mai aurar da ƙannenta gobe. Hasali ma, maganar in kaya ya fita ba ya dawowa masu gaskiyar cikinsu ta fi cuta, domin ita ce ta sa aikin gwani da na ɗan koyo suka zama farashi ɗaya a idon mai saye.

Abin Yi

Ga mai saye, rigakafi ya fi magani. Ya nemi rasit mai ɗauke da sunan mai rumfa, da ranar karɓar kaya, da irin katako da soson da aka yi alkawari, da tsawon lamuni. Ya je ya ga ƙashin kujera kafin a rufe shi da yadi. Kada ya cika kuɗi sai an kawo an haɗa a gabansa. In aibi ya fito, ya ɗauki hoto, ya sanar nan da nan a gaban shaidu. Sashe na 146 ya jera masa hanyoyi: ya fara da mai kayan, in ya ƙi ya kai kuka ga hukumar FCCPC, wadda take karɓar ƙorafi ta intanet, ko kuwa ya tafi kotu. A Jihar Kaduna, tun shekarar 2001 akwai kotunan Shari'a da na gargajiya ban da na majistare, saboda haka kowa yana da inda zai nufa. Iyaye kuma su gaya wa amarya tun ranar jere cewa faɗin aibin gado ba raina kayan uba ba ne, tsare masa guminsa ne.

Ga masu nazarin Hausa kuwa, aikin ya fi girma. Sashe na 114 na wannan doka ya ba mai saye haƙƙin a yi masa bayani da harshe mai sauƙi wanda talaka mai matsakaicin karatu zai gane. Ina sauƙin yake idan an yi tayi da Hausa, an yi albarka da Hausa, an sallama da Hausa, sa'an nan aka rubuta sharaɗi da Turanci? Ba kalmomi aka rasa ba. Akwai aibi, akwai algus, akwai lamuni da garanti, akwai diyya, akwai kafin alƙalami. Sassan dokar da suka shafi mai saye ba su da yawan da za su gagari ɗaliban darasin fassara a zangon karatu guda, ƙarƙashin kulawar malamansu da taimakon sashen koyon shari'a. Haka nan tsara samfurin rasit na Hausa mai shafi ɗaya, a kai wa ƙungiyoyin kafintoci na Kakuri da Sabon Tasha, a kuma karanta a gidajen rediyo. Ba sabon abu ba ne. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun shekarar 1939 ta riƙa kai wa talaka labarin hukuma da harshensa, Yaƙi da Jahilci kuma ya ɗora a kai a shekarun 1950. Ranar 15 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar haƙƙin masu saye ta duniya, don tunawa da jawabin da Shugaba Kennedy na Amurka ya aika wa majalisar ƙasarsa a shekarar 1962, inda ya lissafa haƙƙin a sanar da mai saye da haƙƙin a saurare shi. Babu ranar da ta fi wannan dacewa sashen Hausa ya fito da irin wannan aiki.

Kammalawa

An ga cewa dokar ƙasa ta soke maganar in kaya ya fita ba ya dawowa, littattafan fiƙihu sun riga ta sokewa, kuma kasuwar Bahaushe ta asali ba a kanta ta ginu ba. Abin da ya raya ta shi ne duhun kai, da kunya, da rashin takarda. Dattijon nan na Kakuri ba ƙarfi ya rasa ba ranar da ya juya daga rumfar kafinta. Da ya san yana da wata 3, da ya san rubutun ƙasan rasit ba ya ɗaure shi, da ya san shirunsa ne zai kashe masa haƙƙi, da maganar ba ta ƙare a Allah ya isa ba. Rashin sani ya fi dare duhu, in ji Hausawa, fitilar kuwa tana hannun waɗanda aka ɗauki nauyin karatunsu domin su yi wa harshen nan hidima.